Batirin lalle: yadda bolt 1.4 ya kusa yaudarar mu a furojet ɗin autarmu

Ni sana'ata haɗa sola da gyaran inbata, shagona yana Tudun Wada nan Kaduna ba nisa da Panteka, kuma gaskiya rabin aikina yanzu duk na batir ne, ko canja wa mutane na ruwa da suka mutu, ko farfasa tsofaffin batiran laftof in tsinci ƴan ƙananan batiran cikinsu da muke kira 18650 masu sauran rai in haɗa wa masu ƙaramin ƙarfi. To autarmu kemistiri ta karanta a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan, da ta shiga ajin ƙarshe sai malamin da ke duba furojet ɗinta ya bata take akan amfani da sinadaran oganik, wato masu tushen kabon irin na jikin tsirrai, a matsayin katod na batir, yace ta gwada da lalle. Ranar da tazo shago take gaya min dariya na fashe da ita, nace lallen ƙunshi dai? Tace Yaya wallahi shi, kuma kai zaka taimaka min da awo don mitar lab ɗinmu layi ake bi. Abin da na ɗauka aikin sati biyu ne sai da ya ci mana wata huɗu da ɗoriya.

Bari in ɗan warware maganar katod don wanda ba harkarsa bace. Kowane batir gefe biyu ne da ruwan batir a tsakani. In yana aiki gefe ɗaya yana sakin ilektiron, shine anod, su bi waya su kunna maka fitila ko fanka su faɗa ɗaya gefen, shine katod, wanda muke cewa kan fulas. In ka sa caji sai a kora su su koma inda suka fito. A batirin waya katod ɗin yawanci litiyam kobalt oksaid ne, wanda John Goodenough da mutanensa suka gano a Oksfod a 1980, Sony ta fara sayar da batirin a 1991, daga baya a 2019 aka ba Goodenough da Whittingham da Yoshino kyautar Nobel a kai. Matsalar kobalt kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na duniya daga Kongo yake fitowa, wajen su Kolwezi, ga tsada ga labaran yara ƙanana a ramukan haƙa. Batiran sola da nake sayarwa su LiFePO4 ne, wato litiyam ayon fosfet, babu kobalt, amma dai su ma sai an haƙo litiyam da fosfet an gasa a wuta mai ɗaruruwan digiri. Shine wasu masana suka ce me zai hana a yi katod da abin da jikin itace da ganye yake da shi, kabon da haidirojin da oksijin da naitirojin, babu ƙarfe mai nauyi ko ɗaya.

Dangin sinadaran da aka fi sa wa ido ana ce musu kwinon. Zobe ne na kabon da oksijin biyu a rataye, kowane oksijin zai iya karɓar ilektiron ɗaya ya riƙe, in an zo caji ya mayar. Abin da ke sa lalle ya kama hannu ja, sunansa lawson, shi ma kwinon ne. Auta ta nuna min lissafin a bayan rasit ɗin shago, kuma lissafin yana da daɗi: ka ɗauki yawan ilektiron da ƙwayar sinadarin ke karɓa ka ninka da 26,801 ka raba da nauyin ƙwayar, abin da ya fito shine mAh nawa, wato ma'aunin yawan cajin batir, giram ɗaya zai iya riƙewa a takarda. Lawson nauyinsa 174, ilektiron 2, ya bada 308. LiFePO4 ɗin da nake ta yi wa kwastoma talla 170 ne. Benzokwinon, ƙaramin cikinsu, 496. Nace to ai shikenan mun yi kuɗi, ki bari kawai mu buɗe kamfani. A takarda fa kenan.

Fitar da lawson ɗin ma aiki ne. Inna ce ta hana mu sayen garin leda, tace wasu na haɗa shi da rini don ya yi saurin kamawa, musamman baƙin nan, ta aika ƙauye aka kawo mana busasshen ganye aka daka a turmi aka tankaɗe. Lawson yana narkewa a ruwa mai kanwa-kanwa, in ruwan ya yi tsami kuma sai ya fito ya kwanta, don haka Auta ta jiƙa garin a ruwan bakin soda ta tace, ruwan ya fito jajawur kamar zoɓon da aka sirka, a lab ta ɗiga masa asid har ya koma rawaya-rawaya, ta ja shi da sinadari ta busar. Daga rabin kilo na gari abin da ta samu bai cika giram 2 ba, shi ma ba tsantsa ba. Ta zo da shi a ƴar kwalba kamar ta turare tana riƙe da shi kamar ƙwai.

Litiyam kam tun farko Malam yace a manta da shi, don ƙarfen litiyam baya shiri da iska ko danshi, sai a cikin akwatin nan na musamman da ake cika shi da iskar argon ake taɓa shi, su kuma basu da shi. Sai aka koma tutiya, wato zink, a matsayin anod, ruwan batir kuma zink salfet a narke cikin ruwa. Wannan ba wai dabarar talaka bace kawai, akwai masu bincike da gaske a Caina da sauran wurare da ke aiki akan batirin tutiya da kwinon don baya kama wuta.

To anan ne na tafka tawa. Shi lawson, kamar yawancin sinadaran oganik, wuta bata bi ta cikinsa, kamar roba yake, dole sai an cakuɗa shi da garin kabon mai laushi wanda zai kai ilektiron har bakin kowace ƙwaya. Lab babu, wanda aka yi oda daga Legas bai iso ba, Auta kuma hankalinta ya tashi don Malam yana son ganin wani abu kafin hutu. Nace mata ke dai kwantar da hankalinki, manyan batiran tocila ɗinnan in ka fasa su akwai sandar kabon a tsakiya da baƙin gari fal a kewaye, ai gawayi ne. Na sa yaron shago ya fasa guda shida da guduma da cizil, muka kwashe garin, ta wanke shi da ruwa sau uku ta shanya, ta haɗa da lawson ta danna akan raga ta sitenlas, ta sa takardar tacewa a jiƙe da ruwan batir, ta ɗora falen tutiya, muka matse su tsakanin roba biyu da kilif ɗin takarda. Na ɗora mita. 1.4.

Wallahi ihu tayi har mai walda na kusa da mu ya leƙo. Muka haɗa biyu a jere muka sa ƴar jan LED ta kama, ta ɗauki bidiyo ta sa a istatus na WhatsApp ta rubuta batirin lalle na farko a Arewa, ƙawayenta sai turo wuta-wuta suke, wata ƙanwar Inna har ta bugo waya daga Rigasa tana tambaya ko za a fara sayen lalle da tsada ne ta tara. Ni kaina daren nan na kasa barci ina ta lissafin abin da ba shi ba.

Washegari ta kai wa Malam, ya kalli bidiyon sau ɗaya ya miƙa mata wayar yace ina kwantirol? Tace Malam wane kwantirol? Yace ki koma ki haɗa irinsa sak, komai da komai, amma kar ki sa lalle ko ƙwaya ɗaya, in wannan bai bada wuta ba sai ki dawo mu yi murna tare. Kuma ya ƙara mata da cewa a lissafi kwinon irin wannan da tutiya bai kamata ya kai bolt 1 ba ma in ana jan wuta, to ina sauran ya fito?

Mun haɗa na babu lalle. 1.4 cif, kuma ya ma fi na lallen daɗewa.

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Baƙin garin da ke cikin batirin tocila ba gawayi bane zalla, mafi yawansa manganis dayoksaid ne, wato shine ainihin katod ɗin batirin tocilan, kuma ruwa baya wanke shi. Abin da muka yi kawai shine mun farfasa batirin tocila mun sake haɗa batirin tocila mun barbaɗa masa lalle. Auta ta je kemis ta sayo haidirojin feroksaid, ruwan nan na wanke ciwo, ta ɗiga akan garin, nan take ya hau tafasa yana kumfa yana huci, alamar manganis ɗin kenan don shi yake saurin farfasa wannan ruwan. Ta zauna akan bencin shago tayi shiru, can tace Yaya ka kashe ni. Ta goge istatus ɗin. Wata ƴar ajinsu ta bata shawara wai ta rubuta 1.4 ɗin kawai ta wuce wurin, wa zai bincika, kowa ma haka yake yi. Ban san me Auta ta ce mata ba, na dai san kwana biyu bata ci abincin kirki ba, kuma ni ma sai da na sha faɗan Inna wai na ɓata wa yarinya karatu da shisshigi.

Da garin kabon na gaskiya ya iso muka sake daga farko, wannan karon ko wane gwaji da ɗan'uwansa na babu lalle a gefe. Miligiram 20 na lawson take sawa a kowane ɗaya, wanda a takarda ya kamata ya riƙe kusan 6 mAh. Injin da ake gwada caji da sauke caji da kansa bamu da shi, sai muka yi na gargajiya, rezista mai om 1,000 a bakin batirin, mita a kai, Auta da littafi da biro tana rubuta lamba duk minti goma, in tayi sallah yaron shago ya karɓa. Caji kuma da fawa saflai ɗina na gyaran waya ta cikin wata rezistar don kar mu ƙona shi, in NEPA sun ɗauke mu koma kan inbata. Na babu lallen ya nuna lamba mai kyau kafin a sa masa lodi, ana sa rezista cikin ƴan mintuna ya faɗi warwas. Na lallen ya sauko wajen 0.7 ya tsaya, yana ja a hankali, kusan awa uku kafin ya sare. In ka lissafa kusan 2 mAh kenan, kashi ɗaya cikin uku na abin da takarda ta yi alkawari, amma dai wannan karon lallen ne da kansa yake aikin, kuma murnar da muka yi ta wannan 0.7 ɗin ta fi ta 1.4 nutsuwa.

Sai kuma aka sake cajinsa aka mayar da shi kan rezista, zagaye na biyu kenan. Awa biyu. Na biyar bai kai minti arba'in ba. Kafin na goma ya zama sai kace ba a taɓa sa komai a ciki ba. In ma ka cika shi da yamma ka bar shi ba lodi, da safe zaka tarar ya zube da kansa. Da muka kwance kilif muka buɗe, takardar tacewar da muka sa fara tas ta koma ja-ja ruwan goro, launin har ya ratsa ya taɓa falen tutiyar, yatsun Auta ma sai da suka kama kamar ta yi ƙunshin sallah. Katod ɗinmu narkewa yake yana bin ruwa yana tafiya.

A tsakar gida ne bayan isha'i tana ta mita akan abin, Baba yana kan tabarma yana jin rediyo kamar baya saurare. Shi Baba shekara ashirin da wani abu ya yi a sashen rini a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin a rufe, lokacin da in an tashi aiki titin baya biyuwa saboda kekuna. Ya rage rediyo yace Auta kawo takardar nan in gani. Ya juya ta a hasken fitila yace to ai wannan ba sabon abu bane. Yace akwai rinin da suke cewa rinin bat, wanda ake yi wa atamfa mai kyau da kakin sojoji, garinsa ko kwana zai yi a ruwa ba zai narke ba, sai an zuba masa kaustik da wani sinadari da suke kira haidiros, nan take sai ya canja launi ya narke ya shiga cikin zare, in an fito da yadin iska ta buge shi sai ya koma launinsa na asali ya daskare a ciki, shi yasa baya zuba. Yace haka rinin baba yake a marina, ku je Ƙofar Mata a Kano ku gani, zane yana fitowa daga rijiya kore-kore, kana tsaye kana kallo zai koma shuɗi. Auta ta miƙe zaune tace Baba ai haidiros ilektiron yake ba rinin, iska kuma ta ƙwace. Yace ni ban san wannan ba, na dai san in ya ci magani narkewa yake, in ya sha iska ya tsaya.

Abin da Baba ya kwatanta shine daidai abin da katod na kwinon yake yi a kowane zagaye, ya karɓi ilektiron ya saki, kuma da yawa daga cikin rinin bat ɗin nan ma daga antirakwinon ake yin su, ɗan'uwan lawson ne na jini. Mai rini yana son narkewar, da ita yake cin abinci. Mai batir kuwa ita ce ajalinsa. Shi lawson ma abin ya haɗe masa biyu, don ko bai karɓi komai ba da zarar tsamin ruwa ya ragu ya wuce wajen 4 a ma'aunin tsami da ake kira pH zai fara narkewa, ruwan zink salfet kuma dama a wannan iyakar yake, sannan yayin da batirin ke aiki tsamin da ke kusa da katod yana ƙara raguwa. Wanda ya narke sai ya yi iyo ya je wajen tutiya ya karɓi ilektiron kai tsaye ba tare da sun bi waya ba, shine dalilin zubewar cajin cikin dare.

Ni dai daga ranar na fara karanta cafta ta biyu ta furojet ɗin a waya in na kwanta, don in ga ko mu kaɗai ne wannan abu ya sama. Ashe tun 1969 wasu a Amurka suka gwada batirin litiyam da wani sinadarin oganik, daikuloro-aisosayanurik asid, dangin ƙwayar nan da ake jefawa a ruwan sha don kashe ƙwayoyin cuta. A wajen 1987 Bridgestone da Seiko a Jafan har sun fitar da ƙaramin batir mai kamar kwabo da foliyanilin, wata roba mai ɗaukar wuta, suka kai kasuwa, bayan ƴan shekaru aka daina don batiran ƙarfe sun fi shi. A 2002 masu bincike na kamfanin NEC na Jafan suka fito da wata robar da ake kira PTMA, tana bada wajen bolt 3.6 tana caji da sauri sosai, amma 111 mAh kawai giram ke riƙewa. Wanda ya fi burge ni na 2008 ne, ƙungiyar su Tarascon da Armand da Poizot a Amiyan ta Faransa, suka yi katod daga inositol da ake iya samu daga masara, ya bada wajen 580 mAh a kowane giram a zagayen farko, lamba mai firgitarwa, sannan ya dinga zubewa. Narkewa dai. Masu manyan lab da kuɗin Turai su ma jar takardarsu suka gani, nasu ruwan batirin ne kawai ya bambanta da namu.

Hanyoyin da ake bi a toshe ɓarakar duk kusan tunani ɗaya ne, a ɗaure ƙwayar kar ta tafi. Wasu su ɗinke ƙwayoyin su zama doguwar sarƙa wadda ruwa ba zai iya ɗauka ba. Wasu su sa shamaki na musamman a tsakani irin Nafion, wanda kuɗin ɗan falle ɗaya ya fi kuɗin furojet ɗinmu gaba ɗaya. A Janairun 2024 ƙungiyar Mircea Dincă a jami'ar MIT ta Amurka ta fitar da wani da suka kira TAQ, zobe uku a manne, ƙwayoyinsa suna kama juna da kansu faifai-faifai har ruwan batir baya iya raba su, suka ce ya wuce zagaye 2,000, kuma kamfanin mota na Lamborghini ne ya ɗauki nauyin binciken. Mu kuwa abin da aljihu ya iya shine gawayin nan da aka sarrafa mai ƙananan ramuka, irin na cikin filtar ruwa. Auta ta niƙa shi ta jiƙa a ruwan lawson ta bar shi ya kwana, da safe ruwan ya washe, gawayin ya shanye launin.

Wannan ya yi aiki fiye da yadda na zata. Bayan zagaye 30, wanda ya ɗauke mu sama da sati uku muna kwana muna tashi da littafi, yana riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya fara da shi, takardar kuma ɗan ruwan goro kaɗan ta yi. Amma da yake maciji ya taɓa sarar mu, ko tsumma muka gani sai mun duba, mun haɗa na gawayi zalla a gefe, kuma shi ma ya riƙe wuta ba laifi, don irin wannan gawayin da shi ake yin sufakafasito, wata na'ura mai ajiye caji. Sai da ta cire nasa kason daga lissafi kafin ta rubuta na lalle.

Anan nake da ƙorafi akan yadda ake tallata abin nan, har a wasu takardun bincike da na gani a wayarta. Za a rubuta maka mAh kaza a kowane giram, amma giram ɗin na sinadarin ne kaɗai, ba a sa nauyin kabon da aka cakuɗa ba. A namu na ƙarshe lawson kashi 30 ne kacal, sauran gawayi ne da abin ɗaurewa, to ko da ace lawson ɗin ya bada 150, in ka raba da duk abin da ke kan ragar 45 ya rage. Katod ɗin LiFePO4 na kasuwa sama da kashi 90 nasa abin aiki ne, a bolt 3.2. Ga kuma girma, sinadaran oganik basu da nauyi a jiki, wajen giram ɗaya da rabi a kowane santimita kubik, LiFePO4 na 3.6, na kobalt ya kai 5, don haka ko sun yi kunnen doki a nauyi na oganik zai fi cin wuri nesa ba kusa ba. Wani abin da ban taɓa tunani ba sai da Malam ya faɗa mata, yawancin waɗannan sinadaran basa zuwa da litiyam a jikinsu, batirin waya kuwa duk litiyam ɗinsa daga katod yake fitowa don girafait ɗin anod fanko ne, to in ka cire na kobalt ka sa kwinon waye zai kawo litiyam ɗin? Sai dai a koma ƙarfen litiyam zalla, shi kuma nasa rigimar daban.

Sai lissafin ganye, wanda ni na matsa a sa shi a furojet ɗin saboda ƙanwar Inna ta Rigasa. Batirin waya mai 5,000 mAh wajen wat-awa 19 yake riƙewa. Lawson da tutiya a bolt 0.7, ko an ba shi cikakken 308 ɗinsa na takarda wanda bamu ko kusa ba, giram ɗaya bai fi wat-awa 0.2 da ɗan kai ba, kenan kana buƙatar giram 88 na tsantsar lawson. Ganyen lalle busasshe lawson ɗin cikinsa baya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, in ka ɗauki kashi 1 kusan kilo 9 na ganye kenan don waya ɗaya. Batirin sola mai kilowat-awa 5 irin wanda nake kafa wa masu shaguna, sama da tan 2. Shi yasa ni ban yarda da maganar wai za a noma batir a gona ba, aƙalla ba ta lalle ba. Kwinon ɗin da masana'antu ke yi da yawa daga kwal da man fetur ake samo shi, su benzin da naftalin da antirasin, in har abin nan zai zama kasuwa to ta can zai biyo, kuma ba laifi bane, kawai a daina ce masa batirin ganye. Inda nake ganin yana da wuri shine batirin da za a ajiye a ƙasa ba mai ɗauka, kamar na sola, inda girma ba damuwa bane in dai da arha kuma baya gobara. A jami'ar Habad ta Amurka tun 2014 su Michael Aziz da Roy Gordon suka ma juya matsalar ta zama riba, suka bar kwinon ɗin a narke cikin tanki ana famfo shi ta cikin batirin, tunda narkewa yake so to ya narke. Sai dai duk wanda zai shigo wannan layin zai tarar da LiFePO4 a zaune farashinsa yana ta sauka, ga na sodiyam yana tahowa a baya.

Ranar difens ta sa hoton jar takardar nan a silaid guda cikakke, ta kuma sa labarin 1.4 ɗin da gwajin haidirojin duk da na roƙe ta ta cire don sunana ne zai ɓaci. Tace mai jarrabawar da ya zo daga wata makaranta ya fi daɗewa akan wannan shafin fiye da ko ina, ya tambaye ta wa ya ce ta yi kwantirol, ta nuna Malam, ya tambaye ta wa ya kawo garin batirin tocila, tace yayana ne, aka yi ta dariya. Ya kuma kama ta akan bata auna tsarkin lawson ɗinta da na'ura ba, wanda gaskiyarsa ne, miligiram 20 ɗin da muke ta lissafi da shi ba mu san nawa ne lawson nawa ne tarkacen ganye ba, ya sa ta gyara ta rubuta hakan ɓaro-ɓaro kafin a sa hannu.

Sauran garin lallen Inna ta kwashe an yi ƙunshin bikin ƴar maƙwabta da shi. Baba kuma satin da ya wuce ya buɗe tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe ya ciro wani gwangwanin madara da aka ɗaure bakinsa da leda da roba, garin rinin bat ne shuɗi tun na zamanin masaƙa, yace a gwada wannan tunda shi baya narkewa sai da kaustik, ruwan naku kuma ai ba kaustik a ciki. Auta tana jiran kiran bautar ƙasa bata da abin yi, muka haɗa shi ranar Asabar, da na babu rini a gefensa. Yau kwana huɗu yana kan rezista a bayan kanta, mun yi zagaye shida, na ɗaga gefen takardar da safen nan fara ce tas. Mita dai 0.4 take nunawa, Baba yace mitar ce bata da kyau, in karɓo ta mai walda a sake aunawa.